Wayata na canza min Hausa ta koma Turanci

Tambaya: Malam, daga unguwar Nima a Accra nake rubuto maka. In na buga Hausa a WhatsApp sai wayar ta canza min kalmomi, ƙanena ya ce in sauke wani kibod amma ina tsoron kar a sace min lambar MoMo, wato asusun kuɗina na waya.

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, don kibod na ganin duk abin da kika buga, shi ya sa ban yarda wani ya turo miki ta Xender ba ko da ɗan uwa ne, ki sauke da kanki a Play Store. Gboard na Google yana da Hausa, haka SwiftKey da Microsoft ya saya a 2016. Ki shiga saitin harsuna ki ƙara Hausa, ki danne k ki riƙe sai ƙ ta fito, haka ɗ da ɓ. Kwanakin farko zai ɗan dame ki, a hankali yake koyon kalmomin da kika saba bugawa.