Alli mai launi ga 'yan ajin SIL (ajin farko na firamare a Kamaru)

Malama, kin tambaya ko 'yan shekara 6 za su iya zane da alli mai launi, mai laushin nan da ke zama gari a yatsa, ba su dagula takarda ba. Za su iya sarai, amma kada ki ba su takardar littafin rubutu, santsi gare ta, launin ba ya kama ta. Ki nemi kwali ko takarda mai kaushi, baƙa ko ruwan ƙasa, kowane yaro launi uku ya ishe shi.

A ajina nan Garwa, hurawa ce ta fi ba ni wahala. Yaro na gama zana kwalekwale a Kogin Binuwai sai ya cika kumatu ya hure garin a fuskar na kusa da shi, ga hunturu, kowa da tari. Yanzu ɗaga takardar suke yi su ɗan buga gefenta kan tsohuwar jarida, ga jiƙaƙƙen tsumma na goge yatsu. Kuma ki kashe fanka kafin a fara, na taɓa mantawa, fararen riguna suka koma shuɗaye.