Tanjarin a ƙasar sanyi: a shuka ƙwaya ko a yi masa aure?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a bayan garin Houston na jihar Texas a Amurka. Sanyin Fabrairun 2021 ya kashe lemukan gidan da nake ciki. Ina so in dasa tanjarin mai jure sanyi. In shuka ƙwaya ne, ko sai na nemi mai aure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A wancan sanyin ma'aunin Celsius ya sauka kusan digiri 11 ƙasa da sifili a Houston, don haka tun farko sai ka zaɓi irin da zai iya. Wanda aka fi dogara da shi shi ne Satsuma, ɗan asalin Japan, musamman nau'in Owari. Idan ya girma, kuma sanyi ya shigo masa a hankali har ya daina toho, yakan jure digiri 9 ƙasa da sifili. 'Ya'yansa ba su da wannan ƙarfin, digiri 3 ƙasa da sifili na 'yan sa'o'i ya isa ya lalata su. Sa'arka ita ce suna nuna tun Oktoba zuwa Nuwamba, ka tsinke kafin jaura ta yi tsanani.

Satsuma da wuya ka samu ƙwaya a cikinsa. Mai ƙwaya da yawa shi ne Changsha na ƙasar Sin, wanda ya ɗan fi shi jurewa, amma bai kai shi daɗi ba. In za ka shuka shi, kada ka shanya ƙwayar kamar ta gero, domin ƙwayar lemo in ta bushe ƙayau ta mutu. Wanke ta, ka binne ta santimita ɗaya cikin ƙasa mai tsane ruwa, a wuri mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ta tsiro, wani lokaci tsiro biyu ko uku daga ƙwaya guda, kuma yawancinsu halin uwar suke ɗaukowa sak. In ka ga tsiro ya yi baƙi a wuya ya kwanta, ruwa ya yi yawa. Matsalar ita ce jira: shekara biyar zuwa takwas, ko fiye, ga ƙaya jingim. Ba ya fure sai ya yi tsawo sosai, kuma duk sanda ka sare kansa ka mayar da shi baya.

Shawarata ka bar ƙwaya ta yi aikin gindi, ka aura mata idon Satsuma, wato ɗan ƙullin da ke jikin reshe inda sabon toho ke fitowa, ka sha cikin shekara biyu zuwa uku. Gindin da ya dace shi ne lemon nan mai ganye uku-uku da ake kira Poncirus trifoliata. Yana zubar da ganye da hunturu, yana sa abin da aka aura masa ya yi barci da wuri, a nan ƙarin juriyar take. Nau'insa Flying Dragon yana hana bishiya tsawo, sai ta yi sauƙin rufewa. Ba ya son ƙasa mai farar ƙasa ko gishiri. A can ganyen yakan yi rawaya.

Auren ido kuwa sai gindin ya kai kaurin fensir, kuma a lokacin da ɓawo ke saɓulewa cikin sauƙi, wato Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba. A santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, tsaga ɓawon da reza mai tsabta kamar harafin T. Fere ido ɗaya daga reshe mai lafiya, tsawon santimita biyu da ɗan siririn itace a bayansa, ka zura shi cikin tsagar ba tare da yatsanka ya taɓa wurin yankan ba, ka ɗaure tamau da zaren leda. Bayan mako uku ka kwance. In idon kore ne shar, ya kama. In ya yi ruwan ƙasa, ko ya bushe ne ko ruwa ya shiga. Wanda ya kama, yanke gindin kaɗan a samansa don ya fito. Na Satumba a bar shi sai sanyi ya wuce. Kada ka ɗauko reshe daga wata jiha, dokar Texas ta hana saboda cutar da ke sa lemo ya nuna rabi kore. Ka saya wurin masu lasisi.

Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa, wato inda idon ya haɗu da gindin, da ganye uku-uku, ka cire shi tun yana ƙarami. Bayan sanyin 2021 mutane da yawa sun yi murnar bishiyarsu ta farfaɗo, ashe gindin ne ya tsiro, 'ya'yansa kuma ɗaci ne zalla.

Shekaru ukun farko su ne masu haɗari. Dasa shi jikin bangon da ke fuskantar kudu. Daina ba shi takin yuriya daga Agusta, don sabon toho shi sanyi ke fara ƙonawa. Kafin hunturu ka tara ƙasa a gindin har ta rufe mahaɗar da kamar santimita 30, ta yadda ko saman ya mutu Satsuman zai sake fitowa. Ka kwashe ta in sanyi ya wuce, kada ɓawon ya ruɓe. Ranar da aka sanar da ƙanƙara, ka jiƙa ƙasar tun da rana, ka rufe shi da bargo har ƙasa, leda a kan bargon ba a kan ganye ba. In sanyi ya taɓa shi, ka bar almakashi sai sabon toho ya nuna maka iyakar inda ya mutu.