Kulle ko allurar rigakafi, wanne ya fi aiki lokacin korona?

Ɗan'uwa ka tambaya wai tsakanin ƙasashen da suka kulle mutane a gida da waɗanda suka fi dogara ga allura su wa suka yi daidai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a ɗakin killace masu korona, daga baya kuma da hannuna na yi wa mutane allurar.

Kulle fa ba ya kashe cuta, jinkirta ta yake yi don asibiti ya samu ya numfasa. Wanda bai taɓa ganin mara lafiya yana haki ba gado ba iskar oksijin ba zai gane wannan ba, ni na gani kuma har yau abin bai bar raina ba. Sin ta rufe Wuhan 23 ga Janairun 2020, kwana 76 mutum wajen miliyan 11 suna gida. Italiya ta rufe ƙasar duka a Maris bayan asibitocin arewacinta sun cika maƙil. Indiya kuwa sanarwar awa huɗu kacal aka ba jama'a, 'yan ci-rani suka dinga takawa a ƙasa zuwa ƙauyukansu, wannan kam a ganina ba a kyauta wa talaka ba, wanda sai ya fita yake samun na abinci ba za ka ce masa zauna ba ka tanadar masa komai ba. Suwidin ba ta yi kulle mai tsanani ba, amma ta rasa tsofaffi da yawa a gidajen kula da su, fiye da maƙwabtanta Norwe da Finlan a 2020.

Inda nake so ka duba sosai shi ne Niyu Zilan da Hong Kong. Duk sun toshe iyakokinsu sun tsare cutar kusan shekara biyu. Niyu Zilan ta yi amfani da wannan damar ta yi wa mafi yawan manyanta allura, da nau'in Omikron ya shigo mutane sun kamu sosai amma mace-macen da sauƙi. Hong Kong kuwa tsofaffinta da yawa ba su karɓi allurar ba, farkon 2022 da cutar ta ɓalle sai ga gawarwaki har wurin ajiya ya gagara. Toshe iyaka iri ɗaya, bambancin shi ne wa aka yi wa allura kafin cutar ta iso.

Sannan kar ka manta ba kowa ne ya samu zaɓi ba. Birtaniya ta fara allura 8 ga Disamban 2020, amma kason farko na shirin COVAX, wato shirin raba allurar ga ƙasashen duniya musamman marasa ƙarfi, sai ƙarshen Fabrairun 2021 ya sauka Ghana. Da allurar ta iso hannunmu ma, wallahi lallashin mutane ya fi tsira allurar wahala, wata tsohuwa sai da na nuna mata katina ta ga an yi min sannan ta miƙo hannu.