Ɗan kuka da damo: amsa ga wani mai karatu

Wani mai karatu daga Tudun Wada ya rubuto cewa ya ɗan zaga bakin dajin Falgore da hantsi, ya huta a gindin wata kuka, kuma a hanyar dawowa ya ga wani babban ƙadangare da abokan tafiyarsa suka yi gardama a kansa, wasu na cewa damo ne, wasu na cewa guza. Yana tambaya ko sunayen biyu na dabba ɗaya ne, sannan ko kukar da ya zauna a inuwarta ita ce ta cikin karin maganar nan, "Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa."

Malam, damo daban, guza daban. Damo gajere ne, kakkaura, mai faɗin kai, yana zama a tudu cikin ramuka da tsohuwar suri, kuma da wuya ya wuce mita ɗaya. Guza kuwa dogo ne siriri, yakan kai mita biyu, ba ya nisa da ruwa. Idan a bakin rafi kuka gan shi, ya kuma faɗa ruwa da jin motsinku, to guza ne. Damo shi ne wanda ke lafewa wuri ɗaya, yana daɗewa bai ci ba idan rani ya tsananta, shi ya sa ake masa kirari da "sarkin haƙuri".

Batun kuka ya fi daɗin warwarewa, domin kalmomi biyu ne da rubutun boko ya haɗe su. Kuka ta itace mace ce, muryarta tana sauka a gaɓar ƙarshe, muna cewa "kukar gidanmu". Kuka na hawaye kuwa namiji ne, muryarsa a sama take duka, muna cewa "kukan yaro". A ganina, ma'anar farko ta itacen ce. Ka dubi gangar jikinta: santsi gare ta, ga kauri, hawanta sai gwani, alhali 'ya'yan suna can sama suna reto a dogayen maratayai. Yaron da ke kwaɗayin farin garin nan mai tsami ba shi da dabara sai ya ɗauki dutse ko guntun sanda, kuma yawancin jifan a jikin uwar yake sauka. Haka ɗan da ba ya jin magana yake jawo wa iyayensa zagi.

Masu fassara ta da jariri mai yawan kuka ba su yi ɓatan kai ba, domin Bahaushe yana son magana mai harshen damo, kuma ga damon ya sake shigo mana. Sai dai idan dattijo ya faɗe ta, ka saurari gaɓar ƙarshe da kyau, za ka ji ko muryarsa ta sauka.