Kafin ka tura su kwas, buɗe littafin masu tafiya

Malam, ka ce a masana'antarka da zarar yaro ya fara iya aiki sai ya ajiye, an kuma ba ka shawarar ka tura su kwas, ka sayi manhajar kula da ma'aikata. Na daɗe ina riƙe da ofishin ma'aikata a wata masana'antar leda a Sharaɗa, nan Kano, bari in faɗa maka abin da na gani.

Manhajar nan bar ta tukuna. Excel ya ishe ka, kai ko littafi mai layi ma. Duk wanda ya tafi, rubuta ranar da aka ɗauke shi, ranar da ya bari, sashensa, wa ke kansa, aikin dare yake yi ko na rana, da unguwar da yake kwana. Ƙarshen shekara ka yi lissafi: in ma'aikatanka 40 ne, 10 suka tafi, kashi 25 cikin 100 ke nan. Nazarin bayanan ma'aikata da ake ta zuzutawa, tushensa ke nan.

Mu da muka yi, kunya muka sha. Kullum maigida cewa yake yaran yanzu ba haƙuri, kuɗi kawai suka sani. Littafi kuwa ya nuna yawancinsu ba sa cika wata uku, kuma sunan foman guda ne ke ta maimaituwa a gefen sunayensu. Bawan Allahn nan ya san inji kamar yunwar cikinsa, amma sabon yaro ya kuskura ya ɓata leda, a gaban kowa zai zage shi tas, har iyaye. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Ranar sallama kowa cewa yake, "Oga, tsohuwa ce ba lafiya, zan je gida." Sai bayan wata biyu in na kira su a waya gaskiya ke fitowa, lokacin ba sa tsoron a riƙe musu sauran kuɗinsu.

To, horon farko foman-foman muka yi wa, kan yadda ake koyarwa da yadda ake gyara wa mutum kuskure ba tare da an ci fuskarsa ba. Sabon ɗauka kuma muka daina jefa shi kan inji ranar farko. Sati biyu yana bin tsohon hannu, shi kuma tsohon hannun ana ba shi ɗan alawus, don in ba haka ba ɓoye sani zai yi.

Akwai abin da horo ba ya magani. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, waɗanda ke zuwa daga Kurna da Rijiyar Lemo suka fara zamewa, domin adaidaita sahu biyu zuwa, biyu komowa ya cinye albashin. Gurbin da muke rubuta unguwa a littafin ne ya tona mana wannan, muka sa musu mota. Ka kuma duba ko kana biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024.

In kana biyan ITF, wato hukumar gwamnati mai kula da asusun horar da ma'aikatan masana'antu, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara, ka sani ana iya dawo maka da har rabinsa in ka horar da ma'aikata, amma sai ka nemi amincewarsu kafin horon, ka kuma adana rasit da takardar halarta. Mu shekarar farko mun yi asara, don sai da aka gama muka je musu.

Tsoron kar ka horar su gudu kuwa, wasu za su gudu, ba makawa. Mu mun gwada sa su sa hannu a yarjejeniyar zaman shekara biyu, ba ta riƙe kowa ba, wa za ka kai kotu kan kuɗin kwas? Abin da ya ɗan yi aiki shi ne rubuta matakai a allo: wanda ya iya saita inji shi kaɗai ya hau mataki na biyu, da ƙarin albashi a watan da ya ci gwajin.