Yusuf Grillo da alaƙarsa da Zariya

Ɗan'uwa, ka tambayi wane ne Yusuf Grillo, kuma me ya sa ake yawan haɗa sunansa da Zariya alhali mutumin Legas ne.

Mai zanen hotuna ne. A Legas aka haife shi a 1934, can kuma ya rasu a 2021. Karatu ne ya kawo shi Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 shi da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane da ake wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ba fa tawayen sanda ba ne. Cewa suka yi dabarar Turawa za su koya, amma abin da za su zana daga gida zai fito.

Grillo ya riƙe wannan da gaske. Duba zanensa, shuɗi ne ya cika shi, irin na rinin adire na Yarbawa, ga mata dogaye masu ɗaurin kallabi, ga makaɗa. Ni dai shuɗin nan ne ya kama ni, ka ce daga marina aka tsamo hoton.

Ban da zanensa, ya yi ƙarfi wajen buɗe wa wasu masu zane hanya. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta Najeriya, ya kuma daɗe yana jagorantar sashen zane a kwalejin fasaha ta Yaba. Ya yi aikin gilashi mai launi a tagogin majami'un Legas, shi da yake Musulmi.