Game da Brandy da 'yarki take son zama irinta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun daren jiya, inda kika ce 'yarki mai shekara 14 ta liƙe wa bidiyon wata Ba'amurkiya mai suna Brandy, har tana cewa irinta take so ta zama, ke kuma ba ki san ko wace ce ba, kina son jin ko rayuwarta abin koyi ce. Sai da na gama hidimar gida na zauna, domin amsar ba ta layi biyu ba ce.

Ni tun ina makarantar kwana na san muryarta. A 1998 wata ƙawata ta shigo da kaset ɗinta mai suna Never Say Never, ta ɓoye shi cikin ledar garin kwaki saboda an hana mu rediyo. Da daddare muke kunna shi ƙasa-ƙasa, mu mayar da shi baya da biro don kada batir ya ƙare. Da aka yi hutu kuwa, rabin ajinmu ƙananan kalaba muka je aka yi mana, irin nata. Don haka na san abin da 'yarki take ji, na ji shi kafin a haife ta.

Sunanta Brandy Norwood. An haife ta ran 11 ga Fabrairu 1979 a garin McComb na jihar Mississippi, ta tashi a Carson da ke Kalifoniya. Kirista ce, mahaifinta Willie mawaƙin coci ne kuma mai horar da ƙungiyar mawaƙa, a gabansa ta fara buɗe baki tun tana 'yar mitsitsiya. Mahaifiyarta Sonja ta ajiye aikinta ta zama manajar Brandy da ƙanin Brandy ɗin, Ray J. A 1993, tana da shekara 14, daidai shekarun 'yarki, kamfanin Atlantic ya ɗauke ta, a shekarar kuma ta samu gurbi a wani wasan barkwanci na tashar ABC mai suna Thea, wanda bai wuce zango ɗaya ba aka dakatar da shi. Faifanta na farko ya fito a 1994, ya karɓu sosai.

Abin da ya shigar da ita gidajen mutane shi ne wasan kwaikwayon Moesha, wanda tashar UPN ta nuna daga 1996 zuwa 2001. Ta fito a matsayin budurwa 'yar sakandare a Los Angeles, mahaifiyarta ta rasu, uban ya auro wata, matar uban kuma malama ce a makarantar da take. Duk wadda ta taɓa zama da kishiyar uwa za ta gane rigimar da ke cikin gidan nan ko ba ta jin Turanci sosai. A 1997 shahararriyar mawaƙiya Whitney Houston, wadda Brandy ke kallo a matsayin gwanarta tun tana yarinya, ta zaɓe ta ta fito a fim ɗin tatsuniyar Cinderella, aka ga baƙar fata a matsayin da aka saba ba farare. Mutane kusan miliyan 60 suka kalla a Amurka. Shekara ta zagayo, waƙar da suka yi da wata mawaƙiya Monica, The Boy Is Mine, ta yi mako 13 a saman jadawalin waƙoƙin ƙasar, ta jawo musu lambar yabon waƙa ta Grammy a 1999. Har 'yar tsana aka ƙera da kamanninta. Duk wannan ta same shi tana ƙasa da shekara 21.

To, nan ne inda nake son ki tsaya, domin bidiyon da 'yarki ke kallo ba ya nuna shi. An ɗora wa yarinyar nan sunan 'yar kirki wadda ba ta kuskure. Iyaye na nuna ta ga 'ya'yansu, kamfanoni na tallata kayansu da fuskarta, ita kuma tana ɗaukar shirin talabijin da rana, tana shiga situdiyo da dare, tana yawon wasa a garuruwa. A ƙarshen 1999 aka kwantar da ita a asibiti, aka sanar cewa ruwan jikinta ne ya yi ƙasa. Daga baya ita da bakinta ta ce ba iyakarsa ke nan ba: damuwa ce ta kayar da ita, ga wata soyayya da ake ƙuntata mata a ciki, ga hana kanta abinci don kada ta yi jiki. Mu a lokacin muna ta kwaikwayon kitsonta, ba mu san yunwa take kwana da ita ba.

Sai na 2002. Ta samu ciki, ta fito a shirin Oprah Winfrey ta ce ai sun yi aure a ɓoye da mahaifin cikin. Ta haifi 'ya mace a watan Yuni, har tashar MTV ta yi shiri a kan haihuwar. Bayan sun rabu, a 2004 mutumin ya fito ya ce ba a taɓa ɗaura musu aure ba. Shekaru bayan haka ta amsa cewa ƙarya ta yi, tsoron zubewar sunanta ne ya sa. Ba ina wanke abin da ya faru ba ne, ke ma kin san matsayinsa a addininmu da tarbiyyarmu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda mace mai shekara 23, mai kuɗinta da sunanta, ta ga ya fi mata sauƙi ta yi wa duniya ƙarya da ta ce ta yi kuskure. Wanda aka saba yi wa tafi kullum, ranar da ya faɗi yakan rasa wanda zai gaya wa.

Na ga ƙaramin misalinsa da idona. Na shekara goma sha ina koyarwa, ni ke shirya 'yan mata wasan kwaikwayo da waƙen ranar rabon kyaututtuka. Akwai wata ɗalibata mai murya kamar sarewa, ga ƙoƙari a aji, kowane malami da ita yake misali. Muna shirin wata gasa, ni ce na riƙa tsayar da ita bayan an tashi, kullum ina ce mata ke ce fatanmu. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a filin taro muka san ta jima tana fama da gyambon ciki tana ɓoyewa, don kada a cire ta a ce ta ba mu kunya. Har yau idan na tuna sai in ji nauyi, domin da bakina na ɗora mata wannan kayan.

Jarrabawa mafi girma ta same ta ran 30 ga Disamba 2006, lokacin da motarta ta bugi wata motar a babbar hanyar Los Angeles, wata mata mai 'ya'ya biyu ta rasu. Masu gabatar da ƙara sun ce babu isasshiyar hujjar da za a gurfanar da ita, ƙararrakin diyya kuma aka sasanta su a wajen kotu. Amma ta yi shekaru ba ta dawo daidai ba, faifanta na 2008 bai yi kasuwa ba, masu yi mata tafi da yawa suka watse. Whitney ma ta rasu ran 11 ga Fabrairu 2012, ranar da Brandy ke cika shekara 33, shi ya sa ta sa wa faifan da ta fitar a shekarar suna Two Eleven, wato 11 ga wata na biyu.

Abin da ya riƙe ta duk tsawon wannan lokaci sana'arta ce. Muryarta ba irin mai tsaga rufin ɗaki ba ce, tana da ɗan kaushi da zurfi, amma ta ƙware wajen ɗora murya kan murya a situdiyo, ita kaɗai ta zama kamar mutum goma suna amshi. Faifanta Full Moon na 2002 har yanzu mawaƙan Amurka na zama su nazarce shi. Da wannan ta sake miƙewa: ta koma talabijin a shirin The Game, a 2015 ta hau dandalin wasan kwaikwayo na Broadway da ke New York a wasan Chicago, a 2020 ta fitar da faifanta B7 a ƙarƙashin kamfaninta, a 2024 ta sake fitowa a matsayin Cinderella, wannan karon tana uwa. Ina ganin girmanta a nan fiye da lokacin da take tashe.

Kin tambaya ko abin koyi ce. A wajen naci da riƙe aiki, e. A wajen sutura da yanayin rayuwa, duniyarta daban da tamu, wannan ke za ki nuna wa 'yarki cikin natsuwa. Ni dai ba zan ba ki shawarar ƙwace wayar da faɗa ba, za ta koma kallo a wayar ƙawa ne, ke kuma ki rasa sanin me take gani. Ki zauna kusa da ita ku kalla tare, ki tambaye ta me ya burge ta: muryar ce, kayan ne, ko yadda mutane ke ihu idan ta fito? Idan muryar ce, ki saurare ta tana rerawa a gida, ki ji ko baiwar na nan. Sannan ki ba ta labarin 1999 da na 2002 kamar yadda na ba ki, ki ce mata duk ranar da wani abu ya same ta, mai daɗi ko marar daɗi, ke ce ta farkon da za ta gaya wa. Allah Ya raya miki ita, Ya shirya mana su baki ɗaya.